Zanen Taya: Ado ko Aiki?

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba wani zane da kowa ke gani kullum amma ba kasafai ake tsayawa a nazarce shi ba, watau zanen da ke jikin tayar mota. Duk wanda ya tsaya bakin titi a Gwadangaji bayan an ɗauke ruwa zai ga sawu iri-iri a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa: na babur, na motar haya mai zuwa Argungu, da na tarakta mai gangarawa fadamar Rima. Bahaushe yana kiran wannan da kalmar da yake kiran zanen ƙwarya da zanen bango, kamar dai ado ne tsantsa. Ba shi kaɗai ba ne. A Amurka ma kamfanoni sukan yi wa zanen tayarsu rajista a matsayin ado, don kada wani ya kwaikwaya.

To, amma asalinsa ba ado ba ne. Lokacin da John Boyd Dunlop ya ƙera taya mai iska a 1888, don keken ɗansa ya yi ta, kuma tayoyin motocin farko sumul suke. A 1904 ne kamfanin Continental na Jamus ya fito da tayar mota mai zane. A 1908 kuma kamfanin Firestone ya yi wata dabara, ya tsara zanen tayarsa da haruffan da ke cewa ba ta santsi, ta yadda duk inda motar ta bi sai ta bar talla a ƙasa.

Abin mamaki shi ne a kan busasshiyar kwalta taya marar zane ta fi kama ƙasa, shi ya sa motocin tsere ke amfani da ita idan babu ruwa. Ruwa ne ya haifi zane. Idan mota tana gudu a kan jiƙaƙƙen titi, ruwa yakan taru a gaban taya, kuma kwaruruwan da aka zana su ne magudanan da ke fitar da shi gefe. In sun shafe, sai ruwan ya shiga tsakanin taya da kwalta ya ɗaga ta, motar ta koma tamkar kwalekwale. Direba ya juya sitiyari ko ya taka birki, duk a banza. Ƙananan tsagogin da ke tsakanin manyan kuwa suna tsotse ɗan ruwan da ya rage. Hatta rashin daidaiton girman gungumomin zanen da gangan ne, domin da girmansu ɗaya da ƙarar tafiya ta zama amo guda mai damun kunne.

Tarakta kuwa da laka take fama. Haƙoran tayarta manya ne, a karkace, masu haɗuwa a tsakiya, domin su ciji taɓo sannan su tura shi waje yayin da taya ke juyawa. Manomin shinkafa da aka ɗaura masa ita a juye zai gane kuskuren da zarar ya shiga fadama.

A nan ne kallon zane a matsayin ado ke zama haɗari. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Ikeja a 2008, sai aka dogara ga tayoyin waje, da yawansu kwance. Akwai masu ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su sake tsaga mata zane da wuƙa mai zafi, ta yi kyan gani, alhali naman robar ya ƙare. A ƙasashen Turai doka ba ta yarda zurfin zanen ƙaramar mota ya gaza milimita 1.6 ba, kuma a cikin kwarin zanen akwai ɗan tudu da ke nuna an kai wannan iyaka. A gefen tayar kuma akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar ƙira. Alal misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. A ganina, waɗannan biyu ya kamata mai saye ya fara dubawa kafin a shiga ciniki.