Ƙugi da shuu a cikin ɗaukar murya: a nemi ciwon tun daga tushe

Tun da kwamfuta ta maye gurbin rikoda mai kaset a gidajen radiyo da ma'aikatu, ɗaukar murya ta zama aikin kowa. Ɗan kasuwa a Maraɗi yana biyan kuɗi a yi masa tallar hajarsa, sakataren ma'aikata a Tawa yana ɗaukar jawaban taro domin rubuta rahoto, magidanci a Damagaram yana son kwafe tsofaffin kaset na mahaifinsa. Sai dai sau da yawa, idan aka zo saurare, akan tarar da wata ƙara ta hau kan maganar, har ta kai mai talla ya ƙi biyan ragowar kuɗi, ko kuma a rasa gane abin da wani ya faɗa a wurin taron. Mafi yawan wannan ɓarna tana shiga ne kafin murya ta isa cikin kwamfuta, kuma can ya kamata a fara neman ta.

Kowace ƙara tana da kamanninta, kuma kunne shi ne likita na farko. Ƙugi mai kauri da ba ya tsayawa, kamar na ƙudan zuma daga nesa, daga wutar lantarki yake fitowa. Kuran da ake sha a Nijar da Najeriya yana juyawa sau 50 a cikin daƙiƙa guda, kuma wannan juyin ne ke ratsawa cikin wayoyin makirufo. Gwajinsa ba shi da wuya: a zare cajar kwamfutar hannu daga bango, a bar ta a kan batir, a sake ɗauka. In ƙugin ya ɓace, to laifin na caja ne ko na wutar gidan, musamman inda ba a haɗa wayar ƙasa ba. Haka kuma idan kwamfuta tana jone a soket guda, na'urar haɗa sauti kuma a wani dabam, wuta takan sami hanyar kewayawa tsakaninsu ta cikin wayar sauti. Maganin wannan shi ne a jona su duka wuri guda, a kuma raba wayar makirufo da wayar wuta, kada su kwanta tare.

Akwai tarko a nan ga mai koyon aiki ta intanet. Yawancin darussan da aka shirya a Amurka suna cewa a tace ƙugi a lamba 60, domin wutarsu sau 60 take juyawa. Wanda ya bi wannan a Yamai zai tace banza, ƙugin kuwa yana nan. Lambar da ta dace ita ce 50, tare da 100 da 150 waɗanda sukan biyo ta. In kuwa da injin wuta ake aiki, wanda aka fi sani da gurup, juyin ba ya zama daidai, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora wa injin, shi ya sa tace ƙuginsa ya fi wahala. A ranar da aka ɗauke wuta, gara a yi ɗauka da batir kawai.

Ƙara ta biyu ita ce shuu, kamar zubar rairayi. Ita tana zuwa ne idan mai magana ya yi nisa da makirufo, sai aka ƙara ƙarfin na'ura domin a jiyo shi, na'urar kuwa ta ɗaga muryar tare da ƙarar cikinta. A matso da makirufo kamar taƙi guda daga baki, a ɗan karkata shi gefe domin kada numfashi ya buge shi. Duk lokacin da aka rage tazarar da rabi, ƙarfin muryar a kan makirufo yana kusan ninkawa, ba tare da shuu ɗin ya ƙaru ba. Amma kada a wuce gona da iri: in ma'aunin da ke kan allo ya taɓa ja, murya takan tsage, kuma abin da ya tsage babu wata manhaja da za ta mayar da shi yadda yake.

Ta uku ita ce wata ƙara mai katsewa, dit-dit-dit, wadda kan shigo gab da wayar salula ta yi kuka. Wayar da ke kan tsohon layin GSM tana aika saƙonta a gutsure, kusan sau 217 a daƙiƙa, wayoyin sauti kuma suna kama shi. Rufe kukan wayar ba ya hana wannan. Sai an kashe ta ko an fitar da ita daga ɗakin. Sauran kuwa na ɗakin ne: fanka, na'urar sanyaya ɗaki, iskar hunturu, da amsa-kuwwar bangon siminti, wadda labule da tabarmi da darduma suke ragewa ƙwarai.

Manhajar Audacity, wadda ake samu kyauta tun shekara ta 2000, tana da hanyar rage ƙara: ana nuna mata wani yanki da babu magana a ciki, ta gane ƙarar, sannan ta cire irinta daga sauran. Saboda haka yana da kyau a bar daƙiƙa biyar ko goma na shiru a farkon kowace ɗauka. Sai dai in aka matsa mata da yawa, murya takan koma kamar ta mai magana a cikin rijiya, domin tana kwashe wani ɓangare na muryar tare da ƙarar.

Inda wannan al'amari ya fi nauyi shi ne wajen kwafe tsofaffin kaset. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ba ya son zafi da ƙura, zarensa yana ɗamewa ko ya tsinke, na'urorin kunna shi kuma suna ƙaranci a kasuwa. A Yamai, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka ta CELHTO, wadda asalinta ya faro a 1968, tana riƙe da ɗimbin muryoyin maroƙa da masana tarihi. Amma a gidajen jama'a ma akwai wa'azi, waƙoƙin Ɗan Gurmu da Shata, da saƙon muryar iyaye da suka riga mu gidan gaskiya. Wani kaset ɗin sau ɗaya kawai zai yarda ya juya. Mai kwafewa ya share kan rikoda da auduga, ya jona ta a mashigar layi, domin mashigar makirufo tana tsage sauti mai ƙarfi, ya gwada da wani kaset marar muhimmanci tukuna, sannan ya adana kwafin farko a tsarin WAV ba tare da taɓa shi ba. Gyara a kan kwafi na biyu ake yin sa.

Ga mai biyan kuɗin talla da mai ɗaukar taro, shawarar guda ce: a ɗauki minti ɗaya na gwaji, a saurara da abin saurare na kunne, a cire abu ɗaya-ɗaya har a gano mai laifin, sannan a fara aikin. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.