Adon Furanni a Bangon Ɗaki

Mai karatu, in ka taso daga Takeita, babban garin Garagumsa, ka nufi gabas, tafiyar kilomita wajen 50 za ta kai ka Damagaram. In ka je, daure ka ratsa unguwar Birni da ta Zango da ƙafa. Ka ɗaga kai ka dubi fuskokin gidaje. Za ka ga zane iri-iri a jikin bango, wani ya turo waje, wani an ƙwarzane shi ciki, wani kuwa launi ne aka shafa. Ba Turawa suka kawo mana wannan ba. Aikin maginanmu ne, sun gāda kaka da kakanni.

Abin da maginan birni suka yi wa fuskar gida, kai ma kana iya yi wa cikin ɗakinka daidai ƙarfinka. Ga yadda abin yake.

Asalin abin

Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a shekarar 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa. Fatake suna zuwa daga Kano da Barno da Agadas, har daga Tarabulus. Inda dukiya ta taru kuwa, nan gwanaye suke taruwa. Attajiri ya gina soro, sai ya kira magini ya yi masa ado a ƙofar zaure, don mai wucewa ya san gidan wane ne. Faransawa sun ci garin a 1899, daga baya suka mai da shi babban birnin Nijar, har zuwa 1926 da aka koma Yamai. Duk da haka zanen gida bai mutu ba. A shekarar 2006 ƙasar Nijar ta sa unguwar Birni da fadar Sarki cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihi na duniya.

Maza magina su ke yin adon waje. Amma cikin ɗaki, musamman ɗakin amarya, hannun mata ya fi yawa. Su ke yin daɓe, su shafa farar ƙasa, su yi jere da ƙore ko kwanoni masu fure a jiki.

Don me fure?

Ka lura, da wuya ka ga siffar mutum a bangon Bahaushe. Malamai sun yi hani da zana mai rai. Don haka gwanaye suka karkata ga dagi, da tauraro, da wata, da ganye, da fure. Irin wannan zanen shi ne kake gani a wuyan babbar riga, da jikin jakar fata, da allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani. Fure ba ya hana a yi salla a ɗaki, ba ya kuma ba yaro tsoro da dare.

Ba sai ka nemo furen wata ƙasa ba. Leƙa gonarka. Furen kuɓewa rawaya ne, tsakiyarsa ja-ja wur, kunnuwansa biyar. Furen yakuwa ɗan'uwansa ne. Ga furen kabewa, ga na tumfafiya mai fari da shunayya, ga bado a bakin tabki. Tsinko ɗaya, ka ajiye gabanka, ka ƙirga kunnuwansa. Shi ne malaminka.

Bango tukuna, kafin ado

Nan ne mutane da yawa suke yin asara. Ado a kan bango mai laima aikin banza ne, wata ɗaya ba za ta cika ba sai ka ga yana ɓarewa. To, kada ka yi zane da damina. Bari sai an gama girbi, iskar hunturu ta busar da gini sarai. In biki ne ke tafe, fara da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko hau bisa ka duba rufi da indararo. In ɗaki yana yoyo, gyara shi. Sa'an nan duba gindin bango. In ka ga gara ta yi hanya, kankare ta. In akwai tsaga, yayyafa ruwa, ka cike ta da kwaɓaɓɓiyar ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita. Bari ta bushe, kana ka bi da yaɓe mai laushi.

Ga wani gargaɗi. Kada ka yi saurin lulluɓe ginin ƙasa da siminti ko fentin mai. Ginin ƙasa yana shan laima, yana kuma fitar da ita. In ka toshe masa fuska, laimar za ta zauna ciki, ƙasa ta ruɓe a ɓoye. Wata rana sai simintin ya ɓalle faifai guda, ya tafi da adonka da kuɗinka. Mutanen dā sun san haka. Shi ya sa suke jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su kwaɓa yaɓe da ita. Masu hali kuma su yi laso, wato a haɗa katsi na marina da gashin jima da dafara. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kayan aiki

Yawancin abin da kake bukata yana kusa da kai:

Fari: farar ƙasa.
Ja: jar ƙasa, a daka, a tankaɗe.
Baƙi: gawayi, a niƙa shi luƙui.
Shuɗi: bula, irin ta masu wanki.
Ƙaro: a jiƙa shi ya kwana, a tace.

Ƙaron nan shi ne sirrin aikin. Launin da aka dama da ruwa zalla, in ya bushe, da ka jingina sai ya bi rigarka. In ka zuba ruwan ƙaro kaɗan, zai kama bango. Amma in ya yi yawa, zai tsattsage. Don haka gwada a bayan ƙofa tukuna, ka bari ya bushe, ka goga da yatsa ka gani. Ka tuna kuma, launi yana yin haske bayan ya bushe.

Abin shafawa kuwa, tsumma mai tsabta ya isa ga wuri mai faɗi. Ga siririn layi, tauna bakin ɗanyen tsinke ya yi laushi, ko ka yi amfani da gashin kaza.

Awo da lissafi

Ga inda karatunka zai yi maka rana. A ce ɗakinka tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3. Kewayensa ke nan 4 da 3 da 4 da 3, mita 14. Cire mita 1 na ƙofa, saura 13. In kana son fure ɗaya a kowane rabin mita, furanni 26 za ka zana. Ka ga, tun ba ka taɓa bango ba ka san yawan aikinka.

Don layi ya miƙe, shafa wa zare gawayi, mutum biyu su ja shi a jikin bango, ka ɗaga tsakiyarsa ka saki. Zai bar maka layi sak. Ka sa adon ya fi kafaɗar yaro tsawo, ya kuma wuce kan gado da wurin jere, don kada kaya su rufe shi.

Yadda ake zanawa

Shafa farar ƙasa sau biyu. Kada ka yi ta biyu sai ta fari ta bushe.

Samo kwali, ka zana fure ɗaya a kai. Kifa ƙaramin kofi ka kewaya, ka sami tsakiya. Jera kunnuwa biyar kewaye da ita. Yanke da reza. Wannan kwalin shi za ka riƙa ɗorawa a bango kana bi da gawayi, furanninka duka su fito kai ɗaya.

Haɗa su da reshe mai lanƙwasa, kamar yadda kabewa take yaɗo a kan danga, ka sa ganye nan da can. Sa'an nan cika launi. Fara da mai haske, ka ƙare da baƙi. Fara daga sama ka yo ƙasa, don abin da ya ɗiga kada ya ɓata wanda ka gama. Launi uku sun isa. In suka yi yawa, ido ba ya samun wurin hutawa.

Ke ma uwar gida, hannun da ya iya zanen lalle da ɗinkin hula ba zai kāsa wannan ba. In kin ƙware, maƙwabta masu aurar da ƴa za su neme ki, ki sami na cefane.

A kula da lafiya

In ɗakinka na bulo ne, ka sayo fentin gwangwani, to, yi hattara. Wasu fentocin mai suna da dalma a ciki, musamman ja da rawaya. Dalma guba ce. Ta fi cutar da ƙananan yara da mata masu ciki, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba a gane ta da ido. Yaro mai rarrafe yakan ɓanɓare fenti ya kai baki. Saboda haka nemi fentin da ake damawa da ruwa, ka karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Buɗe ƙofa da taga lokacin aiki. Kada kowa ya kwana a ɗakin sai warin ya fita. Kada a zuba abinci ko ruwan sha a gwangwanin fenti. Kada kuma ka fasa tsohon batir don neman baƙi, gawayi ya wadatar.

Bayan an gama

Kada ka hura wuta a ɗakin, hayaƙi yana dusashe launi. Kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma, ban da ruwa. Kowace shekara bayan damina, duba inda ya ɓare ka cike. Ajiye kwalinka, zai sake amfani.

In akwai tsohon magini ko tsohuwa mai iya zane a garinku, je ka gaishe su, ka tafi da yaranka. Tambaye su sunan kowane zane da yadda suke haɗa launi. Tun da yanzu ka iya rubutu, rubuta abin da suka faɗa a littafinka, don na baya su samu.

Tambayoyi

1. Don me ba a son yin zanen bango da damina?
2. Mene ne amfanin ƙaro cikin launi?
3. Me yake faruwa in an lulluɓe ginin ƙasa da siminti?
4. Ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, nawa ne kewayensa?
5. Rubuta sunayen furanni uku da ake samu a garinku.