Abubuwan da ya kamata ka sani game da sana'ar ɗan fim a Kannywood

Mai kallo yana ganin jarumi cikin dakakkiyar shadda, ya sauko daga tsaleliyar mota ya shige gida mai bene. Sau da yawa shaddar ce kaɗai tasa. Gidan da motar na aro ne ko na haya, kuma da zarar an tashi daga lokeshan, wani a adaidaita sahu zai koma gida.

Daga talabijin aka faro

Kafin a san wani abu wai shi Kannywood, gidajen rediyo da talabijin na gwamnati ne gidan ɗan wasa. A Kaduna aka san Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero. A Kano kuma akwai CTV, wanda ya koma ARTV. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset, daga nan harkar ta koma hannun masu zuba kuɗin aljihunsu. Bayan fim ɗin Sangaya ya yi kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, duk mai ɗan jari ya zama furodusa.

Yadda ake biya

Nan ne gizo ke saƙa. Galibi babu albashi, babu fansho, kuma yarjejeniyar ta baka ce. Furodusa ya kira ka, ka zo ka yi fitowarka, a sallame ka. Sallamar nan ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe: ko fim ya shekara goma ana haska shi, ba ka da sisi a ciki.

Kuma ba ɗaya ake biya ba. Wanda fuskarsa ke sayar da fim shi ke yanka farashinsa. Masu fitowa a matsayin iyaye, dogarai ko maƙwabta kuwa, abin da aka miƙa musu suke karɓa. A 2022 dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da naira dubu biyu zuwa dubu biyar, maganar da ta tayar da ƙura. Wasu manyan masana'antar sun fito sun ce su kam sun biya ta fiye da haka. A ganina musun ya kauce wa ainihin matsalar. Ko da an taɓa ba ta dubu hamsin a wani fim, dattijuwar da ta kwashe shekaru tana wannan aiki bai kamata abincinta ya dogara da kirkin wanda ya kira ta ranar ba.

Mutuwar faifai, zuwan dogon zango

Da, a Ƙofar Wambai ake sanin ko fim ya ci ko ya faɗi. Sai masu satar fasaha, da masu tura fim a waya, da finafinan Indiya da aka fassara zuwa Hausa suka haɗu suka kashe kasuwar faifai. Talabijin ɗin da aka baro shi ya sake buɗe ƙofa: Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Daga baya YouTube ya zama kasuwa, da irin su Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira.

Fim mai dogon zango ya ba ɗan wasa aikin watanni maimakon na kwana biyar. Amma ya ɗaure shi da rawa guda, har a titi a manta sunansa na yanka. Kuɗin tallan YouTube kuma asusun mai tashar suke shiga. Shi ya sa duk jarumin da ya ɗan yi ƙarfi sai ya buɗe tasharsa, ko ya koma tallan atamfa da turare a Instagram, inda suna ya fi saurin zama kuɗi.

Idon hukuma da na jama'a

Tun 2001 Kano ke da Hukumar Tace Finafinai, kuma tana iya tsayar da aiki. A 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a lokaci guda saboda ba a kai mata su ta tace ba. Duk makon da aiki ya tsaya, mai jiran sallama ne ke fara ji a jikinsa. Ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ma tana hukunci. Ita ta kori Rahama Sadau a 2016 kan bidiyon waƙa da mawaƙi ClassiQ.

Mata sun fi shan wuya. Bisa al'adar masana'antar, jaruma in ta yi aure takan ajiye fitowa a fim, ko da tana kan ganiyarta. In auren ya mutu ta dawo, sai bakin duniya ya ce dama fim ne ya hana ta zama.

In ciwo ya zo

Mafi yawan 'yan wasa ba su da inshorar lafiya. Shi ya sa ake yawan ganin bidiyon tsohon jarumi a gadon asibiti ana nema masa taimako, abokan sana'a na haɗa abin da ya sawwaƙa, a lokacin da tsofaffin finafinansa ke ci gaba da tara masu kallo a tashar wani.