Ɗarin da Alkama Ke So Shi Ke Kā da Ɗan Ƙwadago

Daga Malamin Gona, Kafin Hausa

Manoma, ga hunturu ya kama. Kowa ya sani alkama ba ta yi sai da sanyi, don haka ne ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, domin ta ɗauki ciki ta fid da kai cikin ɗarin Janairu. Tun da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja a Auyo cikin 2023, bayan an gyara shi, noman rani ya daɗa ƙarfi a ƙasarmu. To, amma ɗarin nan da mai gona ke murna da shi, shi ne ke kā da waɗanda ke yi masa aiki, watau masu ban ruwa, da masu tsaron inji da dare, da leburorin injin casar shinkafa masu fita tun da asuba.

Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. A tsakiyar hunturu kuwa sanyin asuba a wajenmu yakan sauko kusa da digiri 10. Wannan kaɗai ba ya kā da mutum in tufarsa busasshiya ce. Abin da ke ɓarna shi ne ruwa da iska. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki wajen sau 25 fiye da yadda iska ke yi. Saboda haka wanda ya tsaya cikin fangali da jiƙaƙƙen wando, ga jaura tana kaɗawa daga arewa maso gabas, jikinsa yana hasarar zafi fiye da yadda yake iya mayarwa.

Ga abin da ya kamata mai gona ko mai inji ya yi. Da fari, ya tsara aiki. A fara da aikin tudu, kamar gyaran kunya da ɗaukar taki, a bar shiga ruwa sai hantsi. In kuwa layin ruwa da dare ya faɗo, to, a yi karɓa-karɓa, kada mutum guda ya kwana cikin ruwa.

Na biyu, sutura. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, gama iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi, kuma in rana ta yi sai a tuɓe ɗaya. A rufe kai da kunne da hula ko rawani. A saya wa mai ban ruwa dogon takalmin roba, wanda ban da sanyi yana kuma tsare shi daga tsargiya. Kowa ya zo da busasshiyar tufa ta sauyi, ya riƙa shafa man kaɗanya ko basilin saboda faso. Masu aikin inji kuwa su kiyayi mayafi da rawani mai jela, kada bel ya fizge su.

Na uku, abinci. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Jiki da abinci yake hura wutarsa, don haka kada a sa mutum aiki da asuba bai karya da koko ko kunu mai zafi ba. A kuma kafa zana ko dannin kara ta wajen da iska ke zuwa, inda za a riƙa hutawa.

Sa'an nan batun wuta, wanda ya fi duka hatsari. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka toshe, yana fid da wata guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu. Sai mutum ya ji ciwon kai da jiri, barci ya kwashe shi, wani daga nan ba ya farkawa. Hayaƙin injin ban ruwa da na janareto ma haka yake. Saboda haka kada a kwana da kasko a rufaffen ɗaki, kada kuma mai gadi ya kwanta jikin inji don neman ɗumi. A ji ɗumi a waje, nesa da kara da man fetur, a kashe wutar kafin a kwanta, a shiga bargo.

In kun ga abokin aikinku yana karkarwa ƙwarai, maganarsa ta fara sarƙewa, yana tangaɗi kamar mai jin barci, ku fid da shi daga ruwa nan da nan. Ku tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, ku lulluɓe shi, ku ba shi abu mai ɗumi in yana iya haɗiya. In karkarwa ta tsaya alhali bai warware ba, abin ya yi tsanani, sai a yi maza a kai shi babban asibitin Kafin Hausa ko wanda ya fi kusa.

Wanda ke ganin wannan ɓarnar kuɗi ne, ya yi lissafi. In mai ban ruwa ya kwanta mako guda daidai lokacin da alkama ke fid da kai, hasarar da za a yi ta fi kuɗin takalmi da bargo da koko nesa. Ban da haka kuma, ɗan ƙwadago amana ne a hannun wanda ya ɗauke shi. Allah ya ba mu damshi da albarka, ya fid da mu hunturu lafiya, amin.