Ƙarfe, Awa da Daƙiƙa: Kalmomin Lokaci a Manhajar Kwamfuta

Duk ɗalibin Hausa ya san bambancin "ƙarfe uku" da "awa uku". Na farko yana nuna gurbi ne a agogo, na biyu kuwa tsawon lokaci. Masu rubuta manhaja ma sun raba waɗannan abubuwa biyu, sai dai ita kwamfuta lamba kawai ta sani. Tsarin Unix, alal misali, yana ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairu 1970, kwana ɗaya a wurinsa daƙiƙa 86,400 ne. Lamba tsura kuwa ba ta faɗin ma'auninta. In aka ba umarnin jira na Python lambar 5, daƙiƙa biyar zai jira. In aka ba na JavaScript, kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa ɗaya yake ɗauka.

Mu ɗauki misalin Umm Rakuba da ke jihar Gadarif ta Sudan, inda aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira a Nuwamban 2020 saboda masu tsere wa yaƙin Tigray. Habashawa suna fara ƙirga awoyin rana daga wayewar gari, don haka "ƙarfe uku" a bakinsu shi ne ƙarfe tara na safe a namu. Kalandarsu kuma wata 13 ce: goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, sai wani ɗan guntu mai kwana biyar ko shida. Nuwamban 2020 ya faɗo ne a shekararsu ta 2013. To, a ce uwa ta ce an haifi ɗanta a 2010, mai rajista ya shigar da lambar haka nan. Manhaja za ta cire 2010 daga 2020 ta ce shekararsa goma, alhali bai wuce uku ba. Lissafin daidai ne, amma yaron ya fita daga jerin 'yan ƙasa da shekara biyar, waɗanda akan ware wa kulawa ta musamman.

Abin da ya fi shafar mu masu nazarin harshe shi ne kalmar "daƙiƙa". Daga Larabci muka aro ta, amma a can ma'anarta minti ce. Abin da mu muke kira daƙiƙa su "saniya" suke cewa. Hausawa na da yawa a Gadarif, kuma suna jin Larabci. Mai fassarar da ya rubuta "daƙiƙa 30" a allon manhaja domin irin waɗannan masu karatu, yana iya sa a fahimce shi da kuskure ninki sittin. A ganina gara a rubuta "sakan" a irin wannan wuri, ko da masu son tsantsar Hausa za su ɗaure fuska.

Ƙa'idar ISO 8601 ta magance irin wannan ruɗani da harafi ɗaya: P1M wata ɗaya ne, PT1M minti ɗaya. Amma "wata ɗaya" ɗin kansa ba shi da tsayayyen adadin kwana, sai an faɗi kalandar da ake nufi da ranar da aka fara ƙirga.