Dillancin Intanet: Daga Aljihun Wa La'adar Ke Fitowa?

Duk mai lambobin ɗaliban Jami'ar Maiduguri ko na Kwalejin Ramat a wayarsa ya saba cin karo da wani irin hoto a sitatus na WhatsApp. Hoton alat ne na banki, an shafe lambar asusu an bar adadin kuɗin, ƙarƙashinsa kuma an rubuta cewa mai son sanin hanya ya yi magana. In ka tambaya, sai a ce maka sana'ar afiliyet ce, wato ka tallata kayan wani a intanet, in an saya ta hannunka a ba ka la'ada. Iyaye da dama suna jin haka suke cewa damfara ce aka sake wa riga, matasan kuma su ce manya ne ba su gane zamani ba. A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma tambaya ɗaya ce ke raba gardamar: kuɗin da ake biyan ɗan afiliyet, daga aljihun wa suke fitowa? In daga ribar kayan da wani ya saya don yana buƙatarsu ne, to sana'a ce. In kuwa daga kuɗin rajistar sababbin shiga ne, to ko da wane suna aka kira abin, ƙarshensa kuka ne.

Asalin tsarin ba shi da wuyar fahimta. Kamfani na ba mutum wani linki na musamman mai ɗauke da shaidarsa. Mutumin ya yaɗa shi a Facebook ko TikTok ko zauren WhatsApp. Wanda ya latsa, za a ajiye wata 'yar alama a wayarsa, wadda za ta nuna ta hannun wa ya shigo, kuma in ya yi sayayya cikin wa'adin da aka ɗiba, sai a rubuta wa mai linkin kasonsa. Kamfanin Amazon na Amurka ya fara nasa tsarin tun 1996, kuma wa'adinsa na yau da kullum awa 24 ne. A Najeriya, Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, su ma sun buɗe irin wannan ƙofa. Abin lura a nan shi ne, shiga tsarin Amazon kyauta ne. Kamfanin ba ya neman ko sisin mai tallar, domin abin da yake so shi ne ciniki, kuma ba ya biyan kowa sai cinikin ya faɗa.

Mutumin Borno bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. A Kasuwar Shanu ta Maiduguri, mai dabba kan zo daga nesa bai san kowa ba, mai saye kuma bai san lafiyar dabbar ko asalinta ba. Dillali ne ke tsayawa tsakani, ya buɗe bakin dabbar ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya yi ta kai gwauro yana kai mari har a ce an sallama, sannan ya karɓi la'adarsa. Haka dillaliya ke shiga gida-gida da ƙullin atamfa da lafaya waɗanda ba nata ba. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da magana a kan wannan. A cikin Sahihul Bukhari akwai babi a kan ladan dillanci, inda aka kawo cewa magabata irin su Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasanul Basri ba su ga laifinsa ba. Saboda haka wanda ya ce duk kuɗin da aka samu ta hanyar haɗa mai saye da mai sayarwa haramun ne ko zamba ne, ya yi wa sana'ar kakanni kuɗin goro.

Amma masu shakka ba haka kawai suka tashi da shakkarsu ba. A watan Disamba na 2016 tsarin zuba kuɗi mai suna MMM ya rufe asusun mutane a Najeriya, daga baya hukumar NDIC mai inshorar ajiyar banki ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar kusan naira biliyan 18. A watan Afrilu na 2025 wani tsarin irinsa mai suna CBEX ya bi sahu, mutane suka wayi gari ba sa iya cire kuɗinsu, har hukumar EFCC ta shiga bincike. Abin da ya haɗa waɗannan da makamantansu shi ne garaɓasar kawo mutum: ka jawo ɗan'uwanka ya zuba kuɗi, a ba ka kaso. Shi ya sa ɓarnar ba ta tsaya a aljihu ba, ta shiga cikin zumunci, domin wanda ya jawo ka ba baƙo ba ne, ƙaninka ne ko abokin karatunka ko matar maƙwabcinka. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma dole ya yi tsalle. Gwamnati ma ta farga, domin sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ga masu gudanar da irin wannan tsari.

Inda matsalar ta fi ɓuya shi ne wani nau'i da ke tsakanin biyun, kuma shi ne aka fi tallata wa matasanmu. Za a gayyaci saurayi wani zauren WhatsApp na "horo kyauta". A kwana biyu ana turo masa saƙon murya da hotunan alat da labarin wanda ya sayi mota. Daga nan a ce gurbi ya kusa cika, ya biya kuɗin wani kwas, mu ce naira 50,000, wanda zai koya masa sirrin sana'ar. Ya ci bashi ko ya sayar da wani abu ya biya. Da ya buɗe darussan, sai ya tarar abin da aka fi nanatawa shi ne yadda zai tara lambobin waya, ya buɗe nasa zauren, ya sayar wa wasu wannan kwas ɗin, a ba shi rabin kuɗin. Wato ya sayi darasin da ke koyar da sayar da darasin. A nan babu shinkafa, babu takalmi, babu wani mai saye daga waje wanda ke buƙatar hajar don kansa. Kowane mai saye mai fatan zama mai sayarwa ne, kuma ribar na sama tana fitowa ne daga aljihun na ƙasa. Lissafin kansa ya isa hujja. In kowane mutum sai ya kawo biyar kafin ya ga amfani, a hawa na 10 ana buƙatar sababbin mutane fiye da miliyan 9, alhali ƙidayar 2006 ta ba jihar Borno gaba ɗaya mutum miliyan 4 da 'yan kai. A hawa na 12 adadin ya haura miliyan 244. Dole ne layin ya yanke, kuma waɗanda zai yanke a kansu su ne mafiya yawa. Irin wannan dalili ne ya sa kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta tallan da aka gina bisa hawa-hawar masu rajista, yana ganin hajar da ake nunawa fakewa ce kawai, la'adar ce abin nema.

Masu kare wannan nau'i suna da amsa, kuma ta cancanci a saurare ta. Sukan ce ilimi ma haja ne, malamin makaranta ana biyansa, mai koyar da ɗinki ana biyansa, don me za a ga laifin mai sayar da kwas? Gaskiya ne ilimi haja ne, akwai kuma darussan intanet masu amfani da mutane ke saye su koyi zane ko lissafin kasuwanci ko gyaran waya. Gwajin mai sauƙi ne. A cire alkawarin la'ada, a ce wa mai saye ba zai taɓa sayar wa kowa wannan kwas ba, shin zai biya wannan kuɗin? Wanda ya koyi ɗinki zai ci abinci da kekensa ko da bai taɓa kawo wa ubangidansa ɗalibi ɗaya ba. In darasi bai da daraja sai da damar sake sayar da shi, to damar aka saya. Sukan kuma ce, ai ga alat nan, muna ganin kuɗi da idonmu. Ba na musun cewa wasu na samu, har a MMM waɗanda suka shiga da wuri sun samu. Sai dai hoton alat yana nuna abin da ya shigo ne kawai. Ba ya nuna kuɗin data da na talla da aka kashe, ba ya nuna ɗaruruwan da suka biya ba su sayar wa kowa ba suka yi shiru don kunya, ga shi kuma yanzu yaro ma na iya ƙirƙirar irinsa da manhaja.

Ko dillancin na gaskiya ma, ya kamata a gaya wa matashi yadda ƙasa take. A ɗauka la'ada kashi 5 cikin 100 ce, kayan kuma na naira 20,000, kason dillali naira 1,000 ke nan. Kafin ya haɗa naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, sai ya yi ciniki 70 a wata. In a cikin masu latsa linki ɗari mutum ɗaya ne ke saye, yana buƙatar latsawa 7,000. Wanda ke da lambobi ɗari uku a waya, yawancinsu 'yan'uwansa ɗalibai marasa kuɗi, daga ina zai samo su? Waɗanda ke cin abinci da wannan sana'a a duniya mutane ne da suka shekara da shekaru suna tara mabiya ta hanyar rubutu ko bidiyo a kan abin da suka ƙware a kai, har jama'a ta yarda da shawararsu. Su ma ba su da tabbas, domin mai kaya ne ke yanka la'ada. A watan Afrilu na 2020 Amazon ya rage kason kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3, na kayan abinci daga 5 zuwa 1, bai nemi shawarar kowa ba. Ga kuma halin da garinmu ke ciki. Maiduguri ta shafe dogon lokaci cikin duhu bayan lalata turakun lantarki a farkon 2021, gobara ta cinye Kasuwar Monday a watan Fabrairu na 2023, ambaliyar madatsar Alau ta mamaye unguwanni ranar 10 ga Satumba 2024, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Mutanen da ke farfaɗowa daga waɗannan ba su ne za su riƙa yin odar kaya daga Legas a kai a kai ba. Wannan matsin ne kuma ke sa alkawarin kuɗi daga kan tabarma ya yi wa matashi daɗin ji.

Akwai wani abu da dillalin kasuwa ke da shi wanda na intanet ke neman yarwa, wato amana. Kowa ya san dillalin shanu dillali ne, an san rumfarsa, in dabba ta fito ta sata ko mai ciwo shi za a kama. Ɗan afiliyet kuwa sau da yawa yakan zo a matsayin aboki mai ba da shawara, ya yabi abin da bai taɓa riƙewa ba, ya ɓoye cewa yana da kaso. A Amurka hukumar kare masu saye ta wajabta wa mai talla ya bayyana in ana biyansa, a nan ma akwai ARCON mai kula da tallace-tallace da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, amma ba sai an jira hukuma ba, domin addini ya riga ya hana algus da ɓoye aibin haja. Haka nan halascin la'ada yana bin halascin abin da aka tallata. Kamfanonin caca da masu ba da bashi da ruwa a waya da masu maganin da ba a tantance ba duk suna neman masu yaɗa musu linki, kuma wanda ya tura wa ƙaninsa linkin caca ba zai wanke hannunsa da cewa shi ɗan aike ne ba.

Wasu za su ce tun da haka ne, a hana yara abin gaba ɗaya a huta. Ban yarda ba, domin hakan zai rufe ƙofar da Maiduguri ta fi kowa dacewa da ita. Turaren wuta da humra na Borno sun yi suna har Kano da Abuja da Legas, haka hular Zanna da busasshen kifin Tafkin Chadi da ake lodi a Tashar Baga. Mai haɗa turare da ke zaune a Gwange ko Bulunkutu tana da haja mai kyau, ba ta da masu kallo. Ɗalibar da ta iya ɗaukar hoto da rubuta talla tana da waya da ƙawaye a wasu jihohi. In suka yi yarjejeniya a fili cewa kowace kwalba ga kason mai talla, aka sa kayan a mota daga tasha, mai saye ya karɓa ya shaƙa ya gamsu, to an yi afiliyet na gaskiya ba tare da an biya kowa kuɗin rajista ba. Ribar ba za ta sayi mota cikin wata uku ba, amma tana ƙaruwa da ƙaruwar masu yarda da mutum, kuma babu wanda ya yi kuka kafin wani ya yi dariya.

Don haka kira na ga iyaye da malamai shi ne, in yaro ya zo neman kuɗin shiga afiliyet, kada a kore shi da faɗa, kada kuma a miƙa masa kuɗin don a rabu da shi. A zaunar da shi a tambaye shi mene ne hajar, wa ke sayenta, kuma zai samu ko kwabo in bai kawo wani ya yi rajista ba? In ya nuna kaya da mai kaya da mai saye, a sa masa albarka, a taya shi da kuɗin data. In kuwa ya kasa, a riƙe kuɗin, a kai shi wurin mai turare ko mai hula a Kasuwar Monday ya fara dillancinsa daga can.