Lambar kaya: wanda ya riga rubuta ta shi ke da ita

A kasuwar Dogon Dutsi ko ta Tibiri, mai saye ba ya buɗe gwangwani kafin ya biya. Lamba yake dubawa. In batur ne, sai ya ce a ba shi mai kan damisa. In shayi ne ko atamfa, akwai hoton da idonsa ya saba da shi. Wannan suna ko hoto da mai kaya ke sa wa kayansa, shi ake kira lamba, waɗansu su ce marka. Amfaninta ɗaya da shaidar da makiyayi ke yi wa shanunsa don kada su shige garken wani.

A ce wata ƙungiyar mata a Gesheme tana matsar man gyaɗa mai tsabta. Sun zaɓi suna, sun manna takarda mai hoton kurciya a jikin kwalba. Bayan shekara uku mansu ya yi suna har Doso. Sai wani ya buga takarda irin tasu, ya manna wa man da ya gauraya. Mai saye ya kai gida, ya ji ɗanɗano ya sake. Ba ɓarawon zai zaga ba, tun da bai san shi ba. Matan zai zaga, kuma ba zai koma wurinsu ba. Ɓarawon lamba mutum biyu yake cuta: mai kaya da mai saye.

Akwai doka a kan wannan, kuma ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ranar 2 ga watan Maris na 1977 ƙasashen Afirka da dama suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Bangi, suka kafa hukumar da ake kira OAPI. Babban gidanta yana Yawunde, ƙasar Kamaru. Ƙasashe 17 ke cikinta, har da Nijar, Benin, Burkina Faso, Mali, Cadi da Senegal. Wanda ya rubuta lambarsa a wurinta, takarda ɗaya ta tsare shi a ƙasashen duka. Ba sai ya je Yawunde ba. Akwai ofishin gwamnati a Yamai, AN2PI, mai karɓar takardu yana aikawa.

Ga inda mutanen karkara ya kamata su buɗe kunne. A dokar nan, lamba ta wanda ya riga kai ta ce. Ba a tambayar wanda ya fi daɗewa yana aiki da ita a kasuwa. Matan Gesheme suna iya shekara goma da kurciyarsu, amma in wani ya riga su kai takarda, su ne za su koma masu roƙo. Doka ta bar musu ƴar ƙofa: bayan an shelanta neman da ya yi, suna da ƴan watanni su kawo shaida cewa su suka fara, kuma ya sani. Amma shelar a jaridar hukumar ake buga ta, da Faransanci da Turanci. Wa zai kai musu ita Gesheme?

Ba kowane suna ake karɓa ba. Mutum ba ya iya riƙe kalmar "man gyaɗa" ko "ƙuli-ƙuli" shi kaɗai, don sunan abin ke nan a bakin kowa. Ba a karɓar tutar ƙasa, ko sunan da zai ruɗi mai saye, ko lambar da ta yi kama da ta wani da ya riga rubutawa. In an karɓa, takardar tana aiki shekara 10, kuma ana sabunta ta. Wanda ya ajiye lamba shekara 5 bai yi aiki da ita ba, ana iya kai ƙara a soke ta.

Labarin albasar Galmi ya isa misali. Galmi tana gaba da Birnin Ƙonni, cikin jihar Tawa, kuma albasarta mai ja-ja ta yi suna har Abijan da Akara. Manoma ne suka yi ta zaɓen irin nan tun kaka da kakanni. A shekarun 2000 wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal ya je OAPI, yana neman a ba shi ikon wannan iri da sunan Violet de Galmi, wato sunan da duniya ta san albasar da shi. Da ya samu, da mai fartanya ya wayi gari sunan garinsa yana aljihun baƙo. Ƙungiyoyin manoman albasa suka tashi, gwamnati ta shigar da ƙin yarda, kamfanin ya bar sunan Galmi ya nemi wani. Daga baya Nijar ta rubuta sunan da kanta. Yanzu albasar Galmi da kilishin Nijar suna da takardar da ke cewa sunan na ƙasar da ake yin su ne, da mutanen da ke bin ƙa'idar yin su. Cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi kuma an rubuta su a matsayin lambar taro.

Lambar taro ita ta fi dacewa da ƙauye. Rubuta lamba da kuɗi ake yi, kuma kuɗin ya fi ƙarfin mai kwalba ashirin. Amma ƙungiya tana iya yi da sunanta, ta rubuta ƙa'idodinta: yadda za a yi kayan, da wanda ke da izinin manna takarda. Masu dankalin turawa na Dogon Dutsi, da masu lambu a fadamar Dallol Mauri, da mata masu sarrafa wake da gyaɗa, duk hanya a buɗe take. Sai dai ƙungiyar da aka kafa bisa doka, mai takardunta, ita ake saurara.

To, in an kama kaya na jabu fa? Mai lamba ba shi da ikon kwashe tiren wani da hannunsa. Gidan shari'a zai je da takardarsa. Alƙali yana iya tura ma'aikacin shari'a ya ƙidaya kayan, ko ya riƙe su, sannan mai lamba ya shigar da ƙara cikin ƴan kwanaki, in ba haka ba riƙon ya warware. Ƴan duwan ma suna iya tsare irin waɗannan kaya a bakin iyaka. Hukuncin ya haɗa da tara mai nauyi, da ɗauri, da biyan diyya. Kuma ba mai bugawa kaɗai ya shafa ba. Mai kantin da ya san jabu ne ya sayar, shi ma ya shiga. Don haka ɗan tireda ya riƙa karɓar rasit daga wanda ya saro wa kaya. Sau da yawa harafi ɗaya ɓarayin ke sakewa cikin suna, su bar launi da hoto yadda suke. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya tsayawa ya karanta baƙi bayan baƙi kafin ya biya.

Abu ɗaya ya shafi Arewa musamman. Nijeriya ba ta cikin OAPI. Takardar Yawunde ba ta aiki a Kangiwa, ko Argungu, ko Sakkwato, ko da yake kayan Arewa suna tsallakawa can kowane mako. Ƙungiyar da ke son tsare sunanta a wancan gefe, sai ta sake rubuta shi a ofishin rajistar lambobi na Nijeriya da ke Abuja.